Zazzaɓin Kwamfutar Gidan Burodi

Biyar saura kwata, Kutaisi na barci,
kogin Rioni kaɗai ke surutu a bayan gida.
Kawu Vakhtang ya zura rabin jikinsa a tanderu
yana manna ƙullu a bango,
ni kuwa ina gaban allo ina bin bashi:
makarantar yara, arba'in,
otal ɗin tasha, sittin, na jiya ma ba su biya ba,
sai ta ƙame.

'Yar kibiyar ta tsaya cak a kan bakwai.
Na girgiza linzami. Na lallashe ta. Na zage ta ƙasa-ƙasa.
Na danne makunni har ta shiɗe, na tashe ta,
ta dawo fes, ko kunya babu,
ta haɗiye lissafin safiya ɗungurungum.

Kwana goma sha ɗaya muna haka.

Ƙanena Zaza, daga can inda yake ci-rani,
ya ce ta waya: "Mzia, kin cika mata ciki, rage kaya."
Na rage.
Na goge hotunan auren da ya mutu tun bara,
na goge wasan kartar da Kawu ke yi a ɓoye.
Ta ƙame.
"To cuta ce ta shige ta."
Na sa mata riga-kafi, ya kwana yana lalube,
da safe ya ce lafiyarta lau.
Ta ƙame.
"To ƙwaƙwalwar ce ta tsufa."
Lari tamanin na ƙirga wa wani yaro mai ɗan kunne,
ya soka mata sabuwa,
kwana biyu a shagonsa tana gudu kamar barewa.
Na rungumo ta gida. Asuba ta yi.
Kun san sauran.

Kawu ya ce, bai ko juyo ba:
"Littafin babana shekara talatin yana aiki,
ban taɓa ganin ya suma ba."

Tsohuwa Tsiala ce, mai zuwa karɓar burodin farko,
ta jingina sandarta, ta dafa akwatin don ta huta,
ta janye hannu da sauri.
"Wannan ai zazzaɓi take yi.
Da yaushe yake kama ta?"

Babu wanda ya taɓa tambayar yaushe.
Na ɗauko buhun da nake rubuta takaicina a kai:
biyar saura kwata, biyar da minti goma, biyar da rabi.
Litinin babu.
Litinin ba ma hura wuta.

Babu sukundireba a gidan,
da wuƙar yanka cuku na kwance kusoshi huɗu,
ɗaya ta gangara ƙarƙashin buhuna, har yau tana can.
Na ɗaga murfi.
Fanka ba ta ganuwa.
Fulawa ta shiga, tururi ya kwaɓa, zafi ya gasa,
shekara uku baiwar Allah na nata burodin a ciki
ba ta gaya wa kowa ba.

Kawu ya ɓanɓaro ɓawon da farce,
ya ɗaga shi wajen fitila, ya shinshina.
"Gishiri ya yi kaɗan," in ji shi.

Da burushin shafa ƙwai na share ta,
na hura, na yi atishawa bakwai,
fanka ta juya sau ɗaya da ɗan yatsa, sannan da kanta.
Muka kai ta ɗakin baya, gindin taga,
inda iskar kogi ke shigowa da warin ganye.

Yau sati uku. Otal ɗin tasha ya biya rabi.
Tsiala na karɓar nata kyauta, ta ce ladan likita ne.
Zaza na gaya wa abokansa shi ya gyara ta daga nesa.
Lari tamanin dai sun tafi,
kuma Kawu, in ya zo wucewa ta bayana,
yakan tsaya, ya leƙa allon, ya share hannu a riga,
bai ce komai ba tukuna game da kartarsa.